Saura Sirinji Huɗu

Arzika ya tsoma bakin sirinji cikin moɗa, ya ja ruwa a hankali har ya kai layin ashirin. Ya ɗaga shi wajen hasken taga, ya ƙyasta shi da farce don kumfar iska ta tashi, sannan ya matse cikin ƙaramin kofin shayi. Ya sake ja. 'Yarsa Labiba tana kwance a katifa, idanunta da suka kumbura suna bin hannunsa daga moɗa zuwa kofi, daga kofi zuwa moɗa.

"Biyu ke nan," in ji ta. "Baba, ƙara ɗaya."

"Biyu muka yi da ke."

"To rabin ɗaya."

Ya miƙa mata kofin. Ba ta haɗiye nan take ba. Ta koyi riƙe ruwa a baki tana juya shi da harshe, sai ya yi ɗumi sannan ta bar shi ya wuce. Arzika ya ɗauki biro ya rubuta 40 a takardar da ya liƙa jikin bango, ƙarƙashin 100 na kokon safe da 40 na shan magani. Ɗari da tamanin. Ƙarfe goma sha ɗaya bai cika ba, kwanon rufi ya riga ya fara zubo zafi, kuma tun asuba aka ɗauke wuta.

Shekara goma sha tara ke nan da Arzika ya baro Illela ya zo Kwatano, kuma duk tsawon shekarun nan turare yake sayarwa a teburinsa kusa da mararrabar Sainte-Rita. Bokonsa aji biyar ne na firamare, amma awon mililita, wanda masu turare ke ce wa mil, a hannunsa yake. Mil uku, mil shida, mil goma sha biyu. Ko ido a rufe aka ɗora masa kwalba a tafi zai faɗi abin da za ta ci. Bai taɓa zaton ranar da zai sayi sabon sirinji don ya auna wa 'yarsa ruwan sha ba.

Abin ya fara ne da ciwon maƙogwaro, ya wuce, aka manta. Bayan mako biyu Labiba ta tashi fuska a kumbure, fitsarinta ya koma kamar ruwan shayi, shi ma ɗan kaɗan. Kwana tara suka yi a asibiti. Ranar sallama likita ya yi dogon bayani da Faransanci, shi kuwa Faransancin Arzika na ciniki ne, daga gaisuwa sai faɗin farashi. Rukaiya, wata ma'aikaciyar jinya 'yar nan unguwar Zongo, ita ta juya masa da Hausa.

"Ƙodarta ta gaji, Malam, ba ta fitar da ruwa kamar da. Abin da ya shiga bai fita ba, a jiki yake zama. In ya cika ƙafa ya cika fuska, ƙirji zai hau, numfashi ya gagara. Mil ɗari shida daga safiya zuwa safiya, kada ta wuce. Koko ruwa ne, romo ruwa ne, lemo ruwa ne. Duk abin da zai zuba in ka karkata kwano, ka sa shi a lissafi. Ranar Juma'a ku dawo a ɗora ta a sikeli. In nauyi ya ƙaru za a mayar da ita gado, wataƙila har a kai ga na'urar wankin ƙoda."

Ta rubuta masa 600 ml da manyan lambobi, ta ja layi biyu a ƙasa.

Talata suka dawo gida. Yau Alhamis. Tun da suka dawo Arzika bai leƙa teburinsa ba, bai ma wuce ƙofar gida ba, domin a Zongo ba a zuwa duba mara lafiya hannu rabbana. Wannan ta zo da kunun aya, waccan da zoɓo mai ƙanƙara, wata da fura, kowacce tana cewa ɗan kurɓi ɗaya ai ba zai yi komai ba. Shi ne ke zaune bakin labule yana karɓar kwano, ya yi godiya, ya mayar da shi waje. Matan gidan har sun sa masa suna, wai duwan, kwastan ɗin kan iyaka, babu kayan da ke wucewa sai ya buɗe. Ita kuwa Labiba, a daren farko da ta yi ta kukan ƙishirwa, ya yi mata alkawari: abin da ta sha shi zai sha, ba zai ɗara ta ko da ɗigo ba. Yana cika alkawarin. Leɓɓansa sun tsage, kansa yana sara tun jiya.

Da aka kira azahar matarsa Sa'adiya ta ce, "Baban Labiba, ka je masallaci mana. Kwana uku kana salla a ɗaki kamar mai takaba. Ni ce fa na haife ta."

Ya dube ta, ya dubi takardar bango. Masallacin bai fi taku ɗari ba. Ya sa hula ya fita.

Da ya dawo, abin da ya fara gani shi ne bakin Labiba. Leɓɓanta sun yi laushi, kuma ta juya fuska bango da ya yi sallama. A takardar, ƙarƙashin rubutunsa, an ƙara 50 da hannun Sa'adiya. A cikin wani kofi kusa da katifa akwai ledar ruwa an ƙulle bakinta, ta lotsa, saura kaɗan a gindi.

"Wannan fa?"

"Ta dame ni da kuka," in ji Sa'adiya. "Kuma ka ga ban yi da ka ba, sai da na duba. Hamsin aka rubuta a jiki. Na tambaye ta, ta ce hamsin ne. Hamsin cikin ɗari shida ai ba wani abu ba ne. Ba ta ma shanye ba, amma na rubuta duka don kada ka yi faɗa."

Arzika ya ɗauki ledar. Ga 50 nan da shuɗin rubutu, babu shakka. Shekara da shekaru yana huda irin wannan leda da haƙori yana sha, bai taɓa karanta jikinta ba. Amma hannunsa ya ƙi yarda. Hamsin ɗin da ya sani kwalba ce da ke shiga aljihun gaba, ba wannan da ke cika tafi biyu ba. Ya matso da ledar kusa da ido. Haruffa biyu ne bayan lambar, ƙanana. Na takardar Rukaiya da m suka fara. Waɗannan da c.

Ya fita ya ɗauko sabuwar leda daga ƙunshin da ke rumfa, ya yanka ta cikin kwano mai tsabta, ya zauna ya miƙe ƙafa ya fara ja da sirinji yana matsewa a wani kwanon. Ɗaya. Biyu. Da ya wuce uku Sa'adiya ta daina ninke kayan da take ninkewa. Da ya kai goma ta zauna a ƙasa. Ruwan da ke kwanon ko rabi bai yi ba. Sai da ya ja sau ashirin da biyar sannan bakin sirinjin ya fara tsotsar iska.

"Ɗari biyar," ya ce.

Ya kwance ledar da Labiba ta rage ya auna. Takwas. Ya cire takwas daga ashirin da biyar, saura goma sha bakwai, kowanne ashirin. Ɗari uku da arba'in ta sha a tsawon raka'a huɗu. Ya soke 50 ɗin Sa'adiya, ya rubuta gaskiyar, ya haɗa da na safe. Ɗari biyar da ashirin.

"Inna lillahi," in ji Sa'adiya, hannu a ka. "Wallahi lamba na gani. Ni da na bar makarantar lekol a aji biyu, ina na san hamsin iri-iri ce?"

"Saura tamanin," in ji Arzika. "Sirinji huɗu, daga yanzu har gobe da safe. Biyu a ciki na maganin yamma ne."

Ya juya wajen katifa. "Labiba. An koya muku wannan a makaranta?"

Can ta miƙa hannu ƙarƙashin filo ta jawo littafinta na lissafi, ta buɗe bayansa. Da yatsunta da suka kumbura ta ja gida huɗu a jere, ta rubuta a kan kowanne: l, dl, cl, ml.

"Wannan lita," ta ce da ƙaramar murya. "Wannan desilita, santilita, mililita. Duk gidan da ka matsa dama, sau goma ne." Ta sa 5 a gida na biyu, ta sa 0 a na uku. Gida na huɗu ya rage fanko. Biron ya tsaya a kansa. "Madam ta ce in gida ya zama fanko a sa masa sifiri."

Ta sa sifirin. Ɗari biyar ta fito a takarda, daidai da abin da ya sha wahalar ja sau ashirin da biyar.

"Tun yaushe kika iya wannan?"

"Tun zangon farko. Ni na zo ta biyu a ciki." Sai bakinta ya karkace. "Na sani, Baba. Da Mama ta tambaye ni na sani. Ƙishirwa nake ji."

Arzika ya ji faɗan da ya taso masa ya rasa inda zai sauka. Shekararta tara. Ya sa babban yatsa ya share mata ido.

"Kukan nan fa, ko in tara shi in auna, in rage miki a lissafi?"

Ta yi 'yar dariya cikin kukan. Ya tayar da ita zaune, ya kafa kunnensa a bayanta yadda ya ga likita yana yi da abin saurare. Iska tana shiga tana fita. Bai san irin ƙarar da ake nema ba, amma ya daɗe yana saurare. Daga nan ya kwashe moɗa da kwanoni da duk abin da ke da ruwa ya fitar da su daga ɗakin.

La'asar a ɗaki ya yi ta. Yana sallamewa ya ji gyaran murya a bakin ƙofa, irin wadda babu mai yin ta a gidan sai mutum ɗaya. Ya miƙe da sauri ya ɗaga labule, ya durƙusa.

Alhaji Halilu ne, mahaifin Sa'adiya, mai gidan. Kakanninsa suna cikin waɗanda suka sari Zongo, shi kuma ya yi zamaninsa da manyan motoci a hanyar arewa kafin ya ajiye ya koma ga allo da tawada. Lokacin da Arzika yake baƙo mai yawo da faranti na turare a ka, ba dangi ba takarda, 'ya'yan Alhaji maza sun ƙi maganar auren. Alhaji ya ce shi ya ga sallar yaron, ta ishe shi. Ya ba shi 'ya, ya ba shi ɗakin nan da ke kallon rumfarsa. Shekara goma sha biyu Arzika bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba, bai taɓa ce masa a'a ba.

Tsohon yana rungume da babbar kwalbar roba, cike da ruwa baƙi-baƙi, jikinta yana gumi.

"Yaya Uwata?" Haka yake kiran Labiba, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

"Da sauƙi, Baba."

"Ungo. Rubutu ne, allo uku, tun bayan asuba nake kansu, da idon nan nawa da ka sani. Na sa an ɗora shi kan ƙanƙara, na san Uwata da son mai sanyi. Ta yi bisimilla ta shanye kafin rana ta faɗi. Kwana bakwai za a yi, yau na farko. In ta gama a kawo mini kwalbar."

Arzika ya karɓa da hannu biyu. Sanyin ya ratsa tafinsa. A jikin takardar kwalbar an rubuta lita ɗaya da rabi.

"Baba, likita ya ce ruwan da za ta..."

"Na ji abin da likita ya ce. Ruwan famfo yake nufi, da su zoɓo, kuma ka ga ban hana ka korar matan nan ba. Wannan ba ruwa ba ne, Malam Arzika, aya ce. Uwarta da ciwon shawara ya kwantar da ita tana ƙarama, da shi ta tashi. Ga ta nan, tambaye ta."

"Haka ne, Baba," in ji Sa'adiya daga cikin ɗaki, kanta a ƙasa.

Alhaji ya juya ya koma rumfarsa, taku goma daga ƙofarsu, ya zauna a buzu yana fuskantar labulen.

Arzika ya ajiye kwalbar a tsakar ɗaki. Su uku suka zuba mata ido. Wata magana ta zo masa, cewa ƙoda ba ta iya karatu ba, ya yi saurin yin istigfari a zuci.

"Dubu ɗaya da ɗari biyar ne, Baba," in ji Labiba. "Wannan karon ban rage ba."

Arzika ya raba da ashirin. Sirinji saba'in da biyar. Shi kuwa huɗu gare shi.

"Ki je ki yi masa magana," ya ce da Sa'adiya ƙasa-ƙasa. "Mahaifinki ne."

"Ni? In ce masa rubutunsa zai cuci jikarsa? Da wane bakin?"

"To mu yi yaya?"

"A zubar ta taga."

Tagar ƙarfe ce da raga, kuma ƙarƙashinta kwata ce da ke ɗaukar ruwan wanke-wanken lungun gaba ɗaya. Ita da kanta ta girgiza kai tun bai amsa ba. Ayoyin Allah ba sa shiga kwata. Banɗaki ma haka, kuma sai an ratsa gaban rumfa. Suka ɗebi kaɗan a tafi suka shafa wa Labiba a fuska da ƙafafu, ruwan kwalbar ko wuya bai sauka ba.

"A juye a kula a tura ƙarƙashin gado," in ji Sa'adiya. "In na sha ruwa sai in taya ka mu shanye." Azumi take yi, na Alhamis, wanda ta ɗauka saboda ciwon yarinyar.

"Hajiya mahaifiyarki za ta shigo turara ɗaki kafin magariba. Wane lungu ne ba ta ɗagawa? In ta gani, da hannunta za ta ba ta, da bisimilla." Ya dubi Labiba. Tun da kwalbar ta shigo idonta bai bar kanta ba, harshenta yana lasar inda aka shafa mata a leɓe. Yarinyar da ta san sifirin nan sarai, ta kuma sha. "Kuma ba zan bar lita da rabi a ɗakin nan in juya baya ba, ko na minti ɗaya."

Waje ba ya fituwa, ciki ba ya ajiyuwa, ƙasa ba ya zubuwa. Daga nan Arzika ya buɗe kwalbar, ya karkata ta ya ja sirinji ɗaya cif, ya matse a kofin shayi.

"Yi bisimilla. Kakanki ya wahala a kansa."

Ta yi, ta riƙe shi a baki ta lumshe ido. Ya tashi ya rubuta 20 a bango. Saura uku.

"Labiba," ya ce, bai juyo ba. "Alkawarin nan da na yi miki. Yau zan karya shi."

Ta gane kafin uwarta ta gane. Ta dubi kwalbar, ta dube shi.

"Juya bango," ya ce.

"A'a. Ka sha, Baba. Amma ka bar ni in gani."

Ya zauna a gabanta, ya yi bisimilla, ya kafa kai. Ruwan yana da ɗanɗanon tawada, ɗan ɗaci da ƙamshin hayaƙi da danƙon ƙaro. Kuma yana da sanyi. Abin da bai shirya masa ba ke nan. Kwana uku jikinsa yana jiran wannan, maƙogwaronsa ya buɗe da kansa, yana jin sanyin yana sauka har cikin ciki, saran kansa yana lafawa. Daɗin da ya ji ya fi komai ba shi kunya. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar haɗiyarsa da ƙarar roba tana lotsawa.

Ya sauke don ya numfasa. Maƙogwaron Labiba yana motsi tare da nasa, ba komai a ciki.

"Da sanyi?"

"Ɗumi ne. Ga ɗaci."

"Kwalbar tana gumi, Baba."

Sa'adiya ta rufe fuska da mayafi. Ya sake kafa kai. Daga rabi daɗin ya ƙare, ya koma aiki. Cikinsa ya ɗaure, ruwan yana yunƙurin dawowa, yana danne shi don abin da ke ciki ba na amayarwa ba ne. Yana sha yana hutawa, yana sha yana hutawa, Labiba tana faɗa masa inda ya kai. Saura kamar santilita talatin. Saura goma. Da ya ɗaga gindin kwalbar sama ɗigon ƙarshe ya sauka, hasken taga ya riga ya yi ja.

Ya goge baki da kyau, ya duba gaban rigarsa. Ya sa sirinjin a aljihu don kada ya bar shi kusa da ita, ya ɗauki kwalbar ya fita. Kowane taku yana jin ruwan yana kaɗawa a cikinsa.

Alhaji yana zaune da tabarau mai kauri, manyan alluna uku jingine a gefensa, ya riga ya fara na gobe. Arzika ya durƙusa nesa kaɗan ya miƙa kwalbar da hannu biyu. Tsohon ya girgiza ta kusa da kunne, fuskarsa ta washe.

"Ta shanye? Alhamdu lillahi! Ka gani ko? Da ma tsoro ne ya yi maka yawa, Malam Arzika. Ɗa ɗaya haka yake sa mutum." Ya ajiye ta kusa da tawada. "Na gobe da wuri zan wanke shi, kafin ku tafi asibitin. Ni da kaina zan shigo in ba ta, in yi mata addu'a a ka. Sai su ɗora ta a sikelin nasu su ga ikon Allah."

Arzika ya tsaya a durƙushe. An sallame shi, abin da ya rage ya ce to ya tashi. Kalmar tana bakinsa, ta saba fita da kanta shekara goma sha biyu. Ya dubi gefen buzun, inda gashin ya cinye.

"Baba," ya ce. "Ni na sha."

Matar da ke daka a tsakar gida ta tsayar da taɓarya.

"Me ka ce?"

"Ni na shanye. Ita na ba ta daidai wannan, sau ɗaya." Ya ciro sirinjin ya ajiye a bakin buzu. "Ban zubar ba, Baba, ko ɗigo bai taɓa ƙasa ba. Amma kwalbar nan irin wannan saba'in da biyar ce. Abin da aka yarda ta sha a yini guda talatin ne, har da koko, har da magani. In ya wuce, ƙirjinta zai hau. Ban iya ba ta ba, ban kuma iya faɗa maka ba."

Alhaji ya cire tabarau. Ya daɗe yana goge shi da bakin rawani.

"Lita da rabi," ya ce. "Kai kaɗai."

"E, Baba."

"To. Allah Ya ba ka lafiya."

Babu wanda ya yi dariya. Tsohon ya mayar da tabarau, ya ɗauki alƙalami, ya tsoma a tawada, bai rubuta komai ba. Arzika yana nan a durƙushe, gwiwoyinsa sun fara sagewa, mararsa ta cika, ba a ce ya tashi ba, ba a ce ya zauna ba. A masallaci ladan ya fara hura lasifika yana gwadawa.

Sai muryar Labiba ta fito ta bayan labule, a dishe.

"Baba! Saura nawa?"

Arzika ya ɗan juya kai. "Uku."

"Uku me?" in ji Alhaji.

"Uku irin wannan, Baba. Har gari ya waye."

Tsohon ya ajiye alƙalamin. Ya ɗauki sirinjin da yatsu biyu, ya kai shi dab da tabarau, ya juya shi. Tsawonsa bai wuce tafin hannunsa ba. Ya dubi labulen, ya dubi allunan nan uku da ke jingine, kowanne ya kai tsawon kamu.

"Wannan ko gefen allo ɗaya ba zai jiƙa ba," ya ce, kamar da kansa yake.



Alhaji ya tura manyan allunan gefe. Ya miƙa hannu bayansa cikin wani tsohon kwando, ya lalaba, ya ciro ƙaramin allo wanda bai fi tafi biyu ba, wanda Labiba ta fara karatu da shi tana 'yar shekara huɗu. Ya hure ƙurar da ke kansa, ya ɗora shi a cinya. Sannan ya miƙo sirinjin, ba tare da ya dubi surukinsa ba.

"Ta ina ake jan ruwan?"